Shekarar da Babanku Ya Rushe Rumbun Wansa

Ranar sunan ɗiyar Mariyama, ina daga cikin ɗaki na ji ɗaya daga cikin surukaina tana ba wata baƙuwa labari, wai babanku da wansa Baba Illo sun yi shekara ba sa ga-maciji saboda gadon fili. Ban tanka ba, don ranar suna ba ranar gyaran zance ba ce, amma abin ya tsaya mini a rai. Ba a taɓa rigimar gado a gidan nan ba. Abin da ya shiga tsakaninsu ƙasa ce, ƙasa irin wadda ake ɗiba a kwano, kuma ni ma ina da hannu a ciki dumu-dumu. Su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin daga farko har ƙarshe, shi ya sa na ce a kawo mini takarda tun ina da sauran ido.

Kun san babanku, amma kun san shi ne a matsayin uba. Ni da na zauna da shi shekara da shekaru zan gaya muku aibinsa guda ɗaya: bakinsa bai iya furta a'a ba. Ko akuya ta tsaya masa a hanya sai ya kauce mata. To balle Baba Illo, wanda ya goye shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya ciyar da shi, ya sa shi lakol, wato makarantar boko, ya yi masa aure. Har babanku ya je Makka ya dawo, ya buɗe gidan mai a bakin garinmu kan titin Agiye zuwa Gazawa, mutane suna ce masa Alhaji, a wurin Baba Illo sunansa Auta, kuma bai taɓa hawa tabarma ɗaya da shi ba. Shi kuwa Baba Illo manomi ne kuma magini, mutum mai magana ɗaya. In ya ce gini ya miƙe, to ya miƙe, ko da kowa na ganin ya karkace.

Gidan man namu ƙarami ne, famfo biyu, ɗaya na isansi, wato fetur, ɗaya na gazuwal, wato dizal, da tanki binne a ƙasa. Bayansa, tafiyar taku hamsin, akwai rijiyar unguwa. Mu nan kusa da gulbi muke, ruwa ba shi da nisa, gaba biyar ka tarar da shi. A daminar shekarar da nake ba ku labari, shanun Fulani ne suka fara ƙin ruwan. Sai su kai baki su ɗaga kai su yi tsaye. Aka ce ƙoshi ne. Bayan kwana kaɗan na dama fura, na kai baki, na ji wani abu ya daki hancina. Na gaya wa babanku.

"Malam, ruwan rijiyag ga shina warin isansi."

"Rakiya, ke da ka wankin tufafina kullum, mi za ki ji in ba isansi ba? Hancinki ne ya saba."

Ban yi musu da shi ba. Na ɗebo ruwan a farin kwano, na ajiye a rana a gabansa, na koma aikina. Da na waiwayo na gan shi tsugune yana kallon wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a kan ruwan. Ya kai hanci ya sansana. Ranar ya sa aka rufe bakin rijiyar da kwanon rufi aka danne da duwatsu, ya kulle famfunansa, ya hau babur ya tafi Agiye ya kai ƙarar kansa a buro, wato ofishin hukuma. Abokansa suka ce ya haukace, wa ya taɓa kiran hukuma a kan kansa? Ya ce gara a rufe masa gidan mai da ya shayar da unguwa guba. Na yi alfahari da shi a ranar, ko da yake ban gaya masa ba, kuma yanzu ina da-na-sanin rashin faɗar.

Da kaka ta kama aka turo mana wata injiniya daga Maradi, Madam Fati, 'yar siririya mai tabarau, mai tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Ta sa aka tsotse man da ya rage, aka kawo katafila aka tono tankin. Can ƙarƙashinsa tsatsa ta ci, ta yi huda da bai fi babban yatsa ba. Ta wannan 'yar hudar mai yake tsiyaya, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Suka ci gaba da haƙa har ramin ya fi tsayin mutum biyu, suna fitar da wata ƙasa baƙa-baƙa mai danshi, warinta har yaji yake a ido. Aka shimfiɗa tamfol aka tara ta a kai, aka lulluɓe da wani. Ta kuma sa aka huda ƙananan rijiyoyi uku masu bututu, ana jan ruwa da inji a zuba a duro, man ya taso sama a kwashe, sauran ruwan ya bi ta cikin gangunan wani irin gawayi. Da za ta koma Maradi kai ƙasa da ruwa ɗakin gwaji, ta ce za ta yi mako uku, ta nuna tarin ƙasar ta ce da babanku kada a taɓa. Ita a tunaninta yara take gudu. Bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa akwai babban mutum mai hankali da zai so wannan ƙasa.

Washegari da hantsi sai ga Baba Illo. Ina kawo wa ma'aikata abinci, a kan idona aka yi. Ya ɗaga gefen tamfol, ya ɗebi ƙasar ya murza, ya sansana, na ga fuskarsa ta washe.

"Auta, ka san mi gare ka nan? Magina sayen baƙin mai suka yi su zuba cikin kwaɓi don gara, kai ga taka ta zo a kwaɓe. Sabon rumbuna yaɓen ciki ɗai ya rage mishi. A kai mini amalanke ukku."

"Yaya, Madam ta ce kada a taɓa ta."

"Madam ta taɓa gina rumbu?"

Shi ke nan fa. Babanku ya sunkuyar da kai, aka kai amalanke uku. Kuma kun san garinmu, abin da babban magini ya yaba ba ya kwana. Kafin mako ya zagayo, ladan ya ɗiba ya yaɓe gindin katangarsa, Gwaggo Tani ta daɓe makewayinta, wani ya kai ɗakin amaryar ɗansa. Duk wanda ya zo sai ya fara da cewa ai ya ga an ba Illo. Kada ku ɗauka ni na tsira. Kwano huɗu na ɗiba na daɓe akurkin kajina don ƙuma, ina jin kaina mai dabara. Kajin suka ƙi shiga, suka koma kwana kan dalbejiya, na bi su da zagi ban gane sun fi ni hankali ba.

Ranar da Madam Fati ta dawo ta ga tarin ya rage rabi, ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Cire tabaraunta ta yi, ta zauna kan bulo. Sannan ta ce da mu:

"Alhaji, Mama, ƙasar nan ba magani ba ce, ciwon ne muka haƙo. Hatsi in ya zauna kusa da ita zai sha. Yaro in ya kwana a ɗakin da aka daɓe da ita zai shaƙa. In damina ta zo ruwa ya wanke ta, rijiyoyin cikin gidaje zai kai ta. Da can a wuri ɗaya take, yanzu kun raba ta gida takwas."

Ta ce dole a dawo da ita duka, har wadda ta bushe a bango. Ku da kuka saba da zaman birni ba lalle ku ji nauyin wannan magana ba. A wurinmu mutum ya ba da kyauta ya koma karɓa, ko yaro ne sai 'yan'uwansa sun tsokane shi, balle Alhaji mai furfura. Amma babanku ya ɗaura amalanke, ya ɗauki diga da shebur, ya bi gida gida. Ni na fara kankare akurkina don ya samu bakin magana. Ladan ya yi dariya ya taya shi. Gwaggo Tani ta ɗauko kujera ta zauna a inuwa, ta sa shi ya farfasa daɓen makewayin da hannunsa, tana ce masa tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin Alhaji yana mata aikin makewayi ba, a bar ta ta more. Gida bakwai suka mayar, da tsokana amma ba da ɓacin rai ba. Saura na takwas.

Baba Illo ya riga ya gama yaɓe, rumbu ya bushe, ya shigar da damman geronsa na shekara gaba ɗaya, ya kifa masa jinka sabuwa. Rumbu ne kyakkyawa, wannan ba zan hana masa ba, mutane har tsayawa suke su duba. Sau uku babanku yana zuwa. Na farko aka ce masa kyauta ce aka yi gaban mutane. Na biyu aka ce masa warin zai fita da kansa. Na uku ko zancen bai iya tayarwa ba, ya gaishe shi ya dawo. Na lura ya fara lallashin kansa, yana cewa ai rumbu ɗaya ne, wataƙila Madam ta cika tsoro. Ni kuwa ba ni da bakin yi wa Baba Illo magana, wan miji ne, ko ido ba na haɗawa da shi.

Ana haka sai Yaya Sa'a, matar Baba Illo, ta shigo wurina da azahar kamar mai neman aron turmi. Ta ja ni ɗaki, ta kwance bakin zanenta, ga gero ɗan tafin hannu.

"Sansana, Rakiya."

Na sansana. Warin man ne.

"Jikoki sun fara ƙin tuwo. Daddawa nika ƙarawa ga miya don ta rufe. Ni ba ni iya gaya mishi. Shekara arba'in ban taɓa ce mishi aikinshi ya ɓaci ba, ba yau za ni farawa ba. Ke dai ki san yadda za ki yi da naki."

Da babanku ya dawo daga sallar la'asar na zuba masa geron a hannu. Na gaya masa maganar da ban taɓa gaya masa irinta ba. Na ce kunyar Yaya da yake ji, yaran gidan Yaya ne suke cin ta a tuwo. Na ce ya kai kansa ƙara don 'ya'yan unguwa, amma ya kasa buɗe baki don jikokin wanda ya goye shi. Na ga maganar ta shige shi, har na ji tausayinsa, amma ban janye ba. Sannan na kawo shawarata, wadda har yau nake jin kunyarta: a bari sai ranar kasuwar Gazawa, in Yaya ya tafi, a je a rushe, in ya dawo ya tarar an gama. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Ba ni shiga gidan Yaya kamar ɓarawo. In za ni ɓata mishi rai, gabanshi za ni yi."

Da safe ya sa aka buɗe rumbunmu aka loda geronmu a amalanke, ya ɗauki diga ya wuce gaba. Na bi bayansu na shige ɗakin Yaya Sa'a, muna leƙe ta labule. Baba Illo yana zaune kan tabarma yana gyaran igiya. Babanku ya cire takalmi, ya tsuguna, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar kwanan dabbobi. Sannan ya ce:

"Yaya, ga hatsi na kawo madadin naka. Rumbun ga za ni kada shi."

Baba Illo bai ɗaga kai daga igiyarsa ba.

"In ka ɗaga digag ga cikin gidana, Auta, ka manta hanyar gidan ga."

"Yaya, kai ka goye ni. Ban taɓa ƙetare maganarka ba, kai ma shaida ne. Laifin nawa ne, ni na ba ka ƙasar. Amma jikokinka ka cin hatsin ga."

Babanku ya miƙe, ya sa aka sauke jinka aka fitar da dammunan. Da aka buɗe warin ya bugi kowa a tsakar gidan, shi ma Baba Illo na tabbata ya ji. Sannan babanku ya ɗaga diga. Hawaye yake yi, wallahi, yana sara yana share fuska da hannun riga. Yaya Sa'a ta riƙe hannuna har sai da ya yi ciwo. Baba Illo ya naɗe igiyarsa a hankali, ya naɗe tabarma, ya ɗauki sandarsa ya fita gona. Abin da ya ƙona masa rai, ni a ganina, ba rumbun ba ne. A gaban matan 'ya'yansa ƙanensa ya nuna aikinsa ya ɓaci, kuma ya san gaskiya ne.

Geron da ya sha mai, Madam ta ce ko dabba kada a ba, aka tafi da shi. Namu Yaya Sa'a ta karɓa shiru, Baba Illo ya ci ya san na wane ne bai ce uffan ba. Mu kuwa shekarar masarar kasuwa muka ci. Sani, kai ka fi kowa ƙorafi, yanzu ka san dalili. Gidan mai yana kulle, matan unguwa suna tafiya har famfon bakin lakol ɗibar ruwa, wasu in sun wuce ƙofarmu sai sun yi tsaki. Duk wannan babanku ya ɗauka. Abin da ya rame shi guda ɗaya ne. Kullum in an fito sallar asuba sai ya bi ta ƙofar gidan wansa, ya tsaya daga waje tunda an hana shi shiga, ya yi gaisuwa. Baba Illo yana zaune a zaure, zai dubi bango. Babanku ya jira gwargwadon yadda amsa za ta ɗauka, ya juyo. In ya shigo gida ba na tambayarsa, tafiyarsa ta ishe ni.

Ƙasar da aka tattaro kuwa, Madam ta sa aka kai ta wani faƙo can bayan gari, nesa da kowace rijiya. Aka shimfiɗa leda mai kauri, aka yi mata kunya a gefe don kada ruwa ya gudu da ita, aka baza ta. Ta ce a gauraya da taki da ƙaiƙayi, a riƙa yayyafa ruwa, a juya ta duk mako. Wai a cikin taki akwai wasu halittu da ido ba ya gani, masu cin mai in sun samu iska da danshi. Mutane suka samu abin dariya, Alhaji yana noman ƙasa ba shuka. Ya ce shi ya ɓata, shi zai juya, ya ƙi ɗaukar kowa. Madam takan zo ta ɗebi kaɗan a kwalba, ta ɗebi ruwan bututunta, ta ce ana samun sauƙi. Ƙasar ta yi ta washewa, warin yana raguwa. Rijiya dai sai a shekara ta uku aka buɗe ta, bayan takardar gwaji ta fito sau biyu da kyau, kuma ita kuke sha in kun zo.

Kada ku riƙe Baba Illo a rai, kuma kada in ji kun yi wa 'ya'yansa wani gani-gani. Har ya rasu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, yana nan a kan cewa bai taɓa gina rumbu kamar wancan ba. Irin halittarsa ke nan. Amma ku ji abin da ya yi.

Hanyar gonarsa ta gefen faƙon nan ta bi. Wata goma sha ɗaya yana wucewa yana kau da kai. Babanku kuwa, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne, riƙon hauyarsa abin tausayi ne. Sai ya sunkuya kamar mai neman allura, ya tsakuri sama-sama, ya miƙe ya riƙe ƙugu. Wata ranar Laraba da hantsi na kai masa fura, ina zaune gindin aduwa, sai ga Baba Illo tafe da sandarsa. Ya wuce kamar kullum. Ya yi taku goma ya tsaya. Ya juyo ya zuba wa babanku ido, yana kallo, yana kallo, har na ga gemunsa yana motsi. Can sai ya yar da sandar.

"Kai! Wa ya koya maka riƙon hauya? Juya ƙasa kaka yi ko susa kaka yi mata? Ba ni nan, sakarai!"

Ya fizge hauyar. Tsoho mai shekara saba'in, ya kama daga wannan gefe bai miƙe ba sai da ya kai wancan, ƙasa tana kifewa a bayansa sumul. Ya dunƙuli kaɗan ya sansana, ya ce takin ya yi kaɗan, kuma na awaki ne, a nemo na shanu wurin Fulani. Ya ce gobe a fito da wuri, shi ba ya aiki da rana tsaka. Ya jefar da hauyar, ya ɗauki sandarsa ya yi gaba, ko sallama babu.

Babanku yana tsaye hannu sake har wansa ya ɓace cikin karan dawa. Sannan ya taho wurina, mutum mai jikoki, yana tafe kamar yaron da aka saya wa sabuwar riga. Ya tsuguna a gabana, idanunsa sun cika.

"Rakiya, kin ji? Sakarai ya ce mini."

Na ce na ji. Na miƙa masa furar, ya riƙe kwanon da hannu biyu, ya kasa sha.